Mayafin Ɗan Yayata

Tun ina yarinya ba na son abin da kowa ya yi. Inna takan ce ko ruwan sha ake rabo, ni sai na nemi na wata rijiya. A lokacin dariya nake yi, har ina jin daɗin maganar kamar yabo aka yi mini.

A Madawa muke, bayan kasuwa. Shekarata goma sha shida, na faɗi jarrabawar shiga kolej sau biyu, Baba ya ce karatun lakkol, wato firamare, ya ishe ni haka, kada in ƙarar masa da takalma a hanya. Aka sa ni gidan koyon sana'ar mata, wanda muke ce wa hwaye. Can ne Madam, matar wani malamin lakkol, ta koya mana saƙa da kuroshe, ɗan ƙarfen nan mai ƙugiya a baki. Ba yabon kai ba, cikin wata uku na wuce duk waɗanda na tarar. Da aka canza wa mijinta wurin aiki za su tafi, ta kira ni gefe ta ba ni ƙullin farin zare mai laushi, irin wanda ba a samu a kasuwarmu. Kayenta na saƙa kuma, wani tsohon littafin rubutu mai baƙin bango, ta bar wa hwaye.

Sai na bayyana yadda kayen yake, don a nan abin ya samo asali. Babu hoto ko ɗaya a ciki. Madam ma a wurin wata ta kwafa, kuma lissafi kawai ta kwafo. Irin saƙar ta gida-gida ce, wani gida a buɗe, wani a cike, zanen yana fitowa daga yadda aka jera su. Kowane shafi layi-layi ne: layi na ɗaya, buɗe goma, cike uku, buɗe bakwai, haka har ƙasa. Ba ka sanin fuskar zane sai wani ya saƙa shi ka gani. Waɗanda aka riga aka saƙa, 'yan mata sun raɗa musu suna. Akwai ƙafar kaza, akwai idon zabuwa, akwai albasa, wadda kowace jaririyar ma'aikaci a Madawa ta kwana a cikinta.

Ni ce auta a gidanmu, Yayata ta girme ni da shekara tara, tana aure a Urno. Ta haifi uku, ta binne uku. Na fari bai ga suna ba. Ta biyu har ta fara zama. Na uku, wanda na fi tunawa saboda na goya shi, ya yi haƙora biyu, masassara ta kwana ɗaya ta tafi da shi. Daga nan aka fara ce wa Yaya mai wabi, a bayan idonta, wani lokacin ma a gabanta. Yaya ba ta da magana. Mace ce da za ta wuni tana sussuka ba ka ji bakinta ba, in an yi mata magana ta ce to, in an zage ta ma ta ce to. Ni da nake da baki kamar reza, wannan to ɗin nata yakan ƙona mini rai.

Da ciki na huɗu ya tsufa, bayan an gama girbi, mijinta ya tafi bida, wato ci-rani, bakin teku kamar sauran mazan ƙasarmu ta Adar, sai damina ya dawo. Baba ya aika aka roƙi iyayen mijin su bari ta zo ta haihu a gida, kusa da likita. Suka yarda, suka ce ko sauyin ƙasa zai yi amfani. Aka kawo ta.

A gidanmu ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce Yaya tana da ciki. Ga shi nan a gaba kamar tulu, amma sai a ce ba ta jin daɗin jikinta. Haka al'adar take: ba a yi wa wanda bai iso ba shiri, ba a ɗinka masa riga, ba a sa masa rai a fili. Ga mai wabi kuwa abin ya ninka. In ma an haifa, sai a nuna ba a damu da shi ba. A sa masa tsumman da aka roƙo a maƙwabta, a bar masa gashi ba aski, a kira shi da sunan wulaƙanci, wai don abin da ke ɗauke su ya zo ya ga ba abin ɗauka ba ne ya wuce. Duk an yi wa na biyu da na uku haka. Da idona na ga an kwantar da na uku a kan juji, wata tsohuwa ta ɗauke shi tana cewa ta tsinci abin banza.

Ni kuwa na yi lakkol, ina ji da kaina. Na ce a raina wannan yaron ba zai zo duniya a tarbe shi da tsumma ba. Zan saƙa masa mayafin da ko ɗan kumandan mai mulkin gari bai taɓa rufa da irinsa ba.

Ranar da na je zaɓen zane, na tarar da babbarmu a hwaye, wadda aka bar wa riƙon kayen, wata bazawara mai yawan tsokana. Na zauna ina buɗa shafi ɗaya-ɗaya, tana tsaye a kaina.

"Yi albasa, ta hi sauri," in ji ta.

"Kowa albasa, kowa albasa. Sai ka ce a garkar albasa muka kwana."

"To idon zabuwa."

"Shi anka yi ma ɗiyar mai gidan waya."

"To ƙahwar kaza, uwar iyayi."

Na juya shafin. Na ci gaba da buɗawa har na kai shafin ƙarshe. Wannan ya fi kowanne tsawo, layi ɗari da wani abu, har ya tsallaka bayan bango. Gara ta cinye saman shafin inda aka rubuta sunansa, amma lissafin yana nan cif. Na tambaye ta wane ne wannan.

"Ba mu san shi ba. Ba wadda tat taɓa yin shi, ko Madam. Tsawo garai."

"Shi nika so."

Ta riƙe baki. "Ke, cinikin biri a sama za ki yi? Abin da ba ki ga huskarshi ba? Kuma ma, wa za ki yi mawa?"

Na ce ajiyewa zan yi. Ta dube ni, ta san ƙarya nake, ta san kuma wa nake da shi a gida, sai ta miƙo mini alƙalami. Na kwashe yamma biyu ina kwafewa a kayena, ina duba kowane layi sau biyu kada in yi kure. Ban yi kure ba kuwa, ko gida ɗaya.

Saƙar a ɓoye na yi ta. Bayan rumbunmu akwai wani lungu inda ake tara harawar awaki, can nake shiga bayan azahar in kowa ya kwanta. Ƙasar Madawa ja ce, farin zare kuma ba ya yafiya, don haka na sami wani tsohon farin ƙyalle, duk abin da na saƙa sai in naɗe shi ciki in soke da allura. Layi uku ko huɗu na sama kawai nake bari a waje. Idona a kan kaye, bakina yana ƙirga, buɗe shida, cike tara, buɗe biyu. Wata biyu da rabi ina haka. Sau ɗaya na ɗan warware naɗin na leƙa, sai na ga fari a kan fari, ramuka birjik, ba kai ba gindi, ga lungun ba faɗin da zan shimfiɗa. Wajen ƙarshe na lura da wasu da'ira biyu manya suna fitowa gefe da gefe. Na ce lalle furanni ne, har na ji daɗi.

Haihuwar ta riga lissafina. Namiji, ƙato, mai kuka kamar ana yanka shi. Kwana bakwai ɗin nan gida cike da mutane, ga wankan jego, ga daka, da ƙyar nake satar jiki in shiga lungu. Ranar suna da hantsi, ana fiɗar rago, ni ina bayan rumbu ina ɗaure bakin ƙarshe. Na cije zaren, na naɗe, na tura a ƙarƙashin zanena. Ko shimfiɗawa ban tsaya yi ba.

Da la'asar mata suka cika ɗakin Inna. Uwar mijin Yaya ta zo daga Urno da ƙannenta biyu. Tsohuwa ce doguwa, mai sallah da carbi, amma gidansu gidan tsafi ne a da, kuma ba duka ta zubar ba. Ita ta zo da tsumman da aka sa wa jaririn, ita ta hana wanzami ya taɓa kansa. Yaya tana zaune a bakin gado da baƙin zane na rini, ta miƙe ƙafa, yaron yana kan cinyarta. Kowa yana ajiye abin da ya kawo, sabulu, turmin atamfa, ƙwaryar gero.

Na shigo ina taku ɗai-ɗai. Na durƙusa gaban Yaya, na zaro mayafin, na girgiza shi sau ɗaya, na shimfiɗa a kan yaron. Ya rufe shi, ya sauka a kan baƙin zanen har ƙaurinta. Ina durƙushe ina gyara gefe, ina jiran guɗa.

Ba a yi guɗa ba. Ɗakin da ba ka jin maganar na kusa da kai ya yi tsit. Sai wata daga can bakin ƙofa ta ce, "Innalillahi." Wata ta ja ɗanta ta tura shi bayanta. Na waiga na ga Inna ta dafe ƙirji, bakinta a buɗe. Na ɗauka maganar al'ada ce, wai na yi wa ɗan wabi ado, har na shirya amsar da zan ba su. Sai ƙanwar tsohuwar ta nuna da yatsa.

"Ɗiyag ga, mi kinka aza ma jinjiri?"

"Mayahi na, Gwaggo."

"Tashi. Koma bakin ƙohwa ki diba."

Na tashi, na ja da baya har na taka ƙafar wata. Na duba.

Mujiya ce. Ba kama ba, ba wai-wai ba. Mujiya zaune a kan reshe, ta dunƙule fiffike, ga ƙahonnin kunnenta, ga ɗan bakinta a lanƙwashe, ga farata. Furannin nan nawa biyu idanunta ne, manya, a buɗe, daidai kan ƙirjin yaron. Baƙin zanen ya shiga kowane rami ya fito da ita tsaf, kamar yanzu za ta juya wuya.

Wanda bai tashi a wurinmu ba ba zai gane ba. Mu ko sunanta mata masu goyo ba sa faɗa, sai su ce tsuntsuwar. In ta yi kuka a kan katanga, sai an jefe ta da bakin wuta. In jariri ya sandare yana fizge-fizge ido ya juye, cewa ake tsuntsu ya kama shi. Da haka aka ce na ukun Yaya ya tafi. Ni kuma da hannuna, wata biyu da rabi, gida-gida, na saƙo ta na kawo na ɗora wa na huɗu ranar sunansa, a gaban dangin ubansa. Daga baya ne na ji wai Turawa suna sa ta a kayan yara don suna ganin kyanta. A ranar ko an gaya mini ba abin da zai rage.

Tsohuwar Urno ba ta ɗaga murya ba. Ta dubi Inna ta ce, "Mun kawo ɗiyarmu gidanku don ta tsira. Wa yaa aiko yarinyag ga?"

Inna ta fara rantsuwa, hawaye yana zuba. Na ce, "Ban sani ba, wallahi ban gani ba," aka yi mini caa. Wa zai yarda mutum ya saƙa abu bai gan shi ba? Wata ta ce a kai murhu. Tsohuwar ta miƙe da kanta, ta kama gefen mayafin za ta yaye.

Yaya ta dafe shi.

Wannan ya fi mujiyar girgiza ɗakin. Surukarta ce fa, wadda ko ido ba ta haɗawa da ita. Tsohuwar ta ja, Yaya ta riƙe. Kanta a sunkuye, muryarta ƙasa-ƙasa, amma ba wanda bai ji abin da ta ce wa surukar ba.

"Inna, ku yi mani hanƙuri. Ukku na binne. Kunka ce in sa musu tsumma, na sa. Kunka ce a kai juji, anka kai. Kunka ce kar in dube su da so, ban duba ba, Allah na gani. Duka sun tahi. Cikinsu ba wanda wani yaz zamna yay yi ma wani abu, don ba wanda yas sa rai za su kwana. Wanga, Auta ta zamna wata da watanni tana yi mishi. Ita ta sa rai. Ko mi na a bisa, ku bar mishi abinshi."

Tun da nake ban taɓa jin Yaya ta jera magana mai tsawon haka ba. Mace ta ƙirga 'ya'yanta da suka mutu, a gaban surukarta, ranar suna! Mata suka rufe baki, wasu suka fara neman takalma. Tsohuwar ta saki mayafin, ta shafa hannunta a zane kamar ta taɓa ƙazanta, ta ce, "To. Ɗanki na." Washegari da sassafe suka koma Urno, ko rabonsu na naman suna ba su ɗauka ba.

Inna ta kwana uku ba ta yi mini magana ba. Baba da aka gaya masa, ya sa aka kawo mayafin ya ɗaga a rana ya duba, ya ce zare ne, zare ba ya kashe mutum, rai na Allah ne. Amma na lura da yatsa biyu ya riƙe shi.

Yaya kuwa ta rungumi abinta. Duk sanyin shekarar nan a ciki yaron ya kwana. In za ta kai shi awo, da shi take rufa masa a baya, mujiyar tana kallon duk wanda ya biyo su. Mata su kauce, yara su bi su suna nunawa, ita ko a jikinta. Har ta fara abin da ban taɓa gani ta yi ba, wasa da ɗa a gaban mutane. Ta ɗaga shi sama, ta hura masa ciki, ya ƙyalƙyale. Yaron kuma ya yi ta girma kamar ana hura shi, wuya ya yi guru-guru, cinya ta yi lanƙwasa uku. Duk ranar awo in sun dawo sai ta leƙo ta ce mini, "Auta, ɗanki ya ƙaru." Ni ma tsoron ya fara sakina. Har na koma hwaye ina ɗaga hanci, ina cewa ga shi nan, camfi ne kawai na mutanen da ba su yi lakkol ba. Bazawarar nan ta ce, "Allah ya sa," ta yage shafin ƙarshen kayen ta sa a wuta.

Yana wata huɗu bazara ta shigo da zafinta. Aka fara jin ciwo a unguwa, gida nan, gida can. Wata ranar Laraba ya tashi da jiki zafi, ya ƙi nono. Kafin azahar ina tsakar gida ina tankaɗe, na ji Yaya ta yi wata ƙara da ban san tana da ita ba. Na ruga. Yaron ya sandare a hannunta, wuya ya lanƙwashe baya, ido ya yi sama, hannu yana fizga. Ta saɓa shi a kafaɗa ko ɗankwali babu, Inna ta bi ta, suka yi likita, wato asibiti, da gudu. Aka riƙe su can.

Mayafin yana kan igiya, da safen ta wanke shi ta shanya. Maƙwabta suka shigo jaje. Ba wadda ta ce mini komai, da ma sun zage ni da ya fi. Kowace in ta shigo sai ta dubi igiya, ta dube ni, ta ce Allah ya ba shi lafiya, ta fita. Bayan igiyar bangon ɗaki ne mai duhu, mujiyar ta fito sarai, iska tana kaɗa ta.

Washegari na kai musu abinci. Na gan shi kwance, an yi masa allurai, ƙaton yaron nan ya zama ɗan mitsitsi a kwana ɗaya, yana numfashi sama-sama. Majo, babban malamin asibitin, ya ce ciwon da ke yawo ne, yara da yawa aka kawo, ana iyakar ƙoƙari. Na ji shi da kunnena, na kuma gane Faransancin da ya yi wa abokin aikinsa. Na san sunan ciwon, na san ba tsuntsu ke kawo shi ba. Duk na sani.

Amma da na dawo gida na tarar da idanun nan biyu suna jirana a kan igiya, sanin bai yi mini amfanin komai ba. Na ce in fa gaskiya ne? In fa akwai ko ƙwayar gero ɗaya ta gaskiya a ciki, ni kuma ina tsaye ina taƙama da lakkol, yaro yana mutuwa? Ba wanda ya sa ni. Inna tana likita, Baba yana kasuwa. Na sauke mayafin, na shiga lungun bayan rumbu, na nemo ƙullin ƙarshe na tsinke da haƙori, na ja.

Saƙar kuroshe ba ta da wuyar warwara, zare ɗaya ne tun daga farko har ƙarshe. Ina ja yana tahowa, tar-tar-tar. Kunnuwan suka tafi, idanun suka tafi, ina kuka ina karanta duk addu'ar da na iya, ina cewa Allah ga ta nan na kwance, ka sakar mana shi. Aikin wata biyu da rabi, kafin la'asar ya zama tulin zare a cinyata. Na dunƙule shi na cusa a ƙarƙashin harawa. Wallahi da na fito sai na ji sanyi a raina, kamar na yi wani abin kirki.

Ranar Juma'a da hantsi na dama kunu na ɗauka. Tun daga bakin ƙofar likita na hango Inna tsaye ta juya wa mutane baya, kafaɗunta suna motsi. Yaya tana zaune a kan dakalin baranda, yaron a cinyarta, ta rufe masa fuska da gefen zanenta. Idonta a bushe. Na tsaya da kwanon kunu a hannu, na kasa gaba na kasa baya.

Ta ɗago ta gan ni. Muryarta lafiya lau, kamar za ta aike ni sayen gishiri.

"Auta, ya tahi. Aje kwanon ki koma gida ki ɗauko mani mayahinshi, yana bisa igiya. In ruhe shi mu tahi gida. Ba ni so a bi gari da shi haka."

Ban motsa ba.

"Ba ki ji ba?"

"Yaya, babu shi."

"Wa yaɗ ɗauka? Inna ta ƙone shi?"

Da na ce i, da Inna ta ɗauki laifin ba ta musa ba, na san ta. Da na ce sata aka yi, da an yarda. Amma tana kallona, sai gaskiya ta fito da kanta.

"Ni na. Na warware shi jiya. Na ce ko... ko shi na."

Ta daɗe tana dubana. Na ga fuskarta ta canza, ba fushi ba, wani abu kamar mutum ya jingina da bango bangon ya tafi. Mutuwar ɗanta na huɗu ba ta sa ta hawaye a gaban mutane ba, sai maganata.

"Ke ma?" in ji ta. "Auta, ke ma?"

Kwanon ya suɓuce mini, kunu ya malale a baranda. Na durƙusa ina cewa ta yafe mini, don shi na yi, don ya tashi na yi. Ta cire gyalen kanta ta naɗe shi a hankali, ta gyara masa ƙafa, ta miƙe ta rungume shi. Ta bi ta gefena ta wuce. Inna ta bi ta, ni na tsinci kwanon na bi su a baya har gida.

Kafin azahar maza sun kai shi. Mace ba ta zuwa kushewa, ba ta san inda aka sa shi ba, kamar yadda ba ta san na sauran ukun ba. Tsumman da aka roƙo aka mayar wa masu shi. A ɗakin ba abin da ya rage wanda za a ce nasa ne.

Da ruwan fari ya sauka mijinta ya dawo, ta koma Urno. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, ba ta kuma canza mini fuska ba. Ita ta yi mini wankan aure, ita ta zauna da ni a haihuwata ta fari. Bayan wannan yaron ta haifi huɗu, uku suka rayu, suna nan da 'ya'yansu. Ni kuma saƙa ta zama sana'ata, na yi wa jariran Madawa da Buza mayafai da ban san iyakarsu ba, har na waɗanda ban san iyayensu ba. Duk cikin da Yaya ta yi, nakan je Urno da kuroshena a jaka, in zauna kusa da ita ina jira. Ko sau ɗaya ba ta ce in yi wa nata ba, ni kuma har ta bar duniya ban sami bakin tambaya ba.